Jan Layi a Jikin Katanga

Moreau Falls, Maine
Disamba, 1996

Zuwa ga Yaya Odile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Réal da yara da jikoki. Yaya ƙugun naki? Ina fata likitan nan ya daina yi miki daɗin baki ya ba ki magani na gaske. Ni jiki da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba.

Na ga furannin da kika aiko, a gaban akwatin gawar mijina Alphy aka ajiye su. Ban ji haushin rashin zuwanki ba, ko in ce na ji na kwana biyu sannan na haƙura. Tafiya daga Connecticut cikin wannan ƙanƙara ba ta mai ciwon ƙugu ba ce. Wasiƙa na zaɓa don na gaji da wayar nan. Ni ina ihu, ke kina "Me kika ce?" har maƙwabta su riga ki jin labarin.

Coci ya cika ranar addu'ar Alphy, abokansa na gareji duk sun zo. Daga nan aka haura da shi ɗakin dutsen nan na saman maƙabarta aka ja ƙofar ƙarfe, sai watan Mayu in ƙasar da ta daskare ta saki a iya haƙa. Haka aka yi wa Baba, na sani, amma lokacin ba a gidan nan nake ba. Yanzu in na tsaya wanke kwano, ƙofar ce a gabana ta taga. Mijina yana can cikin sanyi, ni ina nan ina dafa abincin mutum ɗaya.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba, Yaya. Katanga ce. Kin tuna ta simintin nan da ta tare tudun maƙabarta a bakin titi, wadda muke hawa muna yara Mama tana yi mana faɗa? Ta daɗe tana sunkuyowa. Duk shekara ƙasar bayanta ta sha ruwa ta daskare ta ƙara turo ta. A watan Oktoba mutanen jami'a suka zo da wata yarinya injiniya, Leanne Dunphy. Suka kwashe ƙasar 'yar hanyar da ke tsakanin katangar da layin kaburbura na ƙasa, suka shimfiɗa wani baƙin yadi mai kauri, suka juye yankakkun tayoyi mota-mota, ko wane yanki kamar tafin hannu, waya tsiri-tsiri a jiki. Suka daddanne suka rufe da ƙasa. Wai taya ba ta tura katanga kamar yadda ƙasa ke yi.

Alphy yana kujerarsa a bakin taga ya kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ya ce mini, "Rolande, zo ki ga ikon Allah. Na ƙare rayuwata a ƙarƙashin mota, in mutu ma taya ba za ta ƙyale ni ba." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

To ga inda maganar take. Sun rataya zare da gudan dalma daga saman katangar a wuri biyu, tsakiya da kusurwa, cikin dogon akwatin katako don kada iska ta kaɗa shi. A ƙasa akwai ma'auni da jan layi. In katanga ta sunkuyo, dalmar sai ta matsa. Kwamitin maƙabarta ya yanke cewa in ta taɓa jan layin kafin Mayu, ba za a ƙara binne kowa a layin ƙasa ba, kuma duk wanda ke kwance a wurin za a tone shi a mayar sabuwar maƙabarta, can bayan rumbunan dankali. Kin san wa ke kwance a kusurwar nan. Colette tamu ce, 'yar da Allah ya ba mu guda ɗaya. Abu ɗaya Alphy ya roƙe ni a asibiti, in kwantar da shi kusa da 'yarsa, na kuma ce masa to.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Réal.

Ƙanwarki,
Rolande


Fabrairu, 1997

Yaya Odile,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, na samu katinki mai hoton tsuntsu. Layi uku, Yaya! Da kika yi aure ma kin fi haka surutu a ƙofar coci. Duk da haka na jingina shi a jikin gwangwanin sukari ina kallo. Yaya sanyi a wajenku, in har abin da kuke yi can ya isa a kira shi sanyi?

Na samu aiki, kada ki yi dariya. Leanne ba za ta iya tuƙo mota daga jami'a kowane mako ba, hanya ta yi nisa, sai ta roƙe ni in riƙa duba mata zaren. Kullum da safe in zura takalman Alphy, in ɗauki shebur in tsallaka titi, in kwashe ƙanƙarar bakin akwatin, in durƙusa in leƙa. Na tsakiya, sannan na kusurwa. In dawo in buga mata waya. Ita kam tana ji sarai.

Ran nan ta zo da kanta, 'yar siririya, hanci ja wur. Na zuba mata ƙullun ploye, fanken nan namu, a kasko, ina sauke ɗaya tana lanƙwame ɗaya da man shanu, kai ka ce a jami'ar ba a dafa abinci. Na ce mata, "'Yata, gaya mini gaskiya, shara kuka rasa inda za ku zuba kuka kawo wa matattunmu?" Ba ta ji haushi ba. Ta fita mota ta shigo da bokiti biyu, ɗaya tsakuwa ɗaya yankakkiyar taya, ta ce in ɗaga. Na tsakuwar ko motsi bai yi ba. Na tayar kuwa na ɗaga shi da hannu ɗaya. Ta ce, "Madam Sirois, ƙasa ba ƙasa kawai take dannawa ba, gefe ma tana turawa, kamar buhun hatsi da aka jingina a jikin ƙofa. Iya nauyinta iya turinta. Wannan ba ta kai rabin nauyin ba, ruwa ba ya zama a cikinta, sanyi kuma ba ya ratsa ta ya daskarar da abin da ke baya." Ta ce sun binne wasu faya-fayan ƙarfe a jikin katangar masu gaya musu ƙarfin turin, kuma ya ragu sosai. Na ce ni ban san faifai ba, zare na sani.

Gilman Bossé, mai haƙan kabarin nan da ya so ki kina budurwa, shi ne kaɗai nake gani da safe, yana wucewa da motar share titi. Sai ya sauke gilashi ya ce, "Madam injiniya, yau an ci jarrabawa kuwa?" In ce masa, "Wuce, Gilman, ka je ka share ƙofar gidanka, matarka ta kusa karya ƙafa." Bai yarda da tayoyin ba ko kaɗan. Wai shi tun da yake bai taɓa ganin roba ta riƙe tudu ba.

Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sabuwar shekara. Ban ga laifinsu ba, a wurinsu an gama. Na mayar wa kowa da kwanonsa. Akwai ranakun da in ba don wayar Leanne da tsokanar Gilman ba, da ban buɗe baki ba har rana ta faɗi. Kaɗaici yana cina, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ba a share hanyar hawa tudun, don haka ba na iya zuwa bakin ƙofar ɗakin da Alphy yake. In na gama duba zare sai in ɗaga kai in ce da ƙarfi, "Ba ta motsa ba, Alphy." Na tsakiyar ke nan. Na kusurwar ya ɗan matsa kaɗan, ban gaya masa ba.

Ki rubuto mini abin da ya fi layi uku.

Taki,
Rolande


Afrilu, 1997

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Réal, da fatan tarin nasa ya lafa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, cikina cike yake da magana.

Ƙanƙara ta fara narkewa, gari duk taɓo. Da tudun ya buɗe sai ga 'yar hanyar da aka cika da taya ta lotsa, tun daga wannan ƙarshe har wancan, ruwa kwance a wasu wuraren. Kafin Lahadi magana ta zaga coci cewa kaburbura suna rufzawa. Wata ma ta rantse ta ga gefen akwati. Ƙarya ce, ni da nake wurin kullum ban ga komai ba sai ciyawar bara.

Ranar Litinin ina shan shayi sai na ji ƙarar babbar mota. Gilman ne da lodin tsakuwa, jiƙe sharkaf, yana ja da baya zai shiga ƙofar maƙabarta. Shi duk rayuwarsa in kabari ya lotsa ƙasa yake ƙarawa, bai san wani abu ba. Na fita ko mayafi babu na tsaya a tsakiyar ƙofar. Ya leƙo ya ce, "Rolande, kin haukace ne? Rami zan cike, taimakonki nake yi!" Na ce, "Nauyin da aka sha wahala aka kwashe shi za ka mayar? Sai dai ka bi ta kaina." Ya ce, "Tsohuwa, wallahi Alphy ya yi haƙuri da ke." Na ce, "Ya yi, shi ya sa ya aure ni, kai kuwa Odile ko kallonka ba ta yi ba." Ya kashe mota ya zauna yana huci. Na sa ya ba ni makullin kafin na shiga na buga waya, don ban yarda da shi ba.

Leanne ta iso da rana. Ta ce lotsawar ba komai ba ce, taya tana matsewa in an ɗora mata ƙasa, tun farko sun san za a yi haka, ta ma gama zama tun kafin Kirsimeti, ƙanƙara ce ta rufe. Ƙasa kaɗan za a yayyafa a daidaita. Daga baya Gilman ya zo ya ba ni haƙuri da kifi guda biyu.

Da a nan labarin ya tsaya da na yi miki wasiƙar murna. Zaren tsakiya yana nan inda yake tun Disamba. Amma na kusurwa, tun da narkewar nan ta fara, kullum sai ya matsa. Abin da ya rage tsakaninsa da jan layi bai fi kaurin wannan takardar in an ninka ta ba.

Leanne ta zauna a kicin ɗina ta ƙi cin komai, a nan na san da magana. Ta zana mini da cokali a kan tebur. A doguwar katangar akwai faɗin hanya, sun samu wurin zuba taya da yawa. A kusurwa kuwa hanyar ta ƙare, filin iyalinmu ya zo har jikin siminti, don haka 'yar siririya suka iya sawa, ƙasa mai nauyi tana nan a bayanta tana turi. Na ce, "To a kwashe ta mana." Ta ajiye cokalin. Sannan ta ce, "Madam Sirois, gurbi uku kuke da shi. Colette tana kwance a na farko, na tsakiya na Mista Sirois ne. Ƙasar da za a kwashe ita ce ta ukun, na jikin katanga. In aka cika shi da taya ba za a taɓa binne kowa a ciki ba." Sai ga hawaye a idon yarinyar nan, ni ce ma na koma ina ba ta baki.

Nawa ne, Yaya. Gurbina ne. Ta ce in yi tunani, amma kada in daɗe, don ƙasa tana ƙara shan ruwa.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ba shawara nake nema ba, kafin amsarki ta zo an wuce wurin. So nake dai wani nawa ya sani.

Ƙanwarki,
Rolande


Farkon Mayu, 1997

Yaya Odile,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarki ta zo, shafi biyu cur, na gode. Kin ce kada in yi gaggawa. Ranar da ta iso an riga an gama.

Na ce musu su haƙa. Fada Michaud, limamin cocinmu, ya zo ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa alkawari na yi wa mamaci, kuma ba zan tsaya ina kallo a tono mini 'ya a ɗora a bayan mota ba. Gilman ne ya haƙa da ƙaramin injinsa, a hankali, suka kafa katakai a gefen gurbin Alphy don kada ya zube. Na tsaya a bakin ramin har aka gama. Mutum nawa ne suka taɓa leƙa nasu ramin da idonsu? Ƙasar baƙa ce mai kyau, ruwa yana tsattsafowa ta gindi. Suka shimfiɗa yadin suka fara juye tayoyin. Na ɗauki yanki ɗaya in gani, wayar ta tsaga mini yatsa, shi ya sa rubutun nan ya karkace.

Gilman, don ya faranta mini, ya matso ya ce, "Kada ki damu, Rolande, yanzu ana ƙona mutum a sa tokar a 'yar tukunya, sai in tura ki gefen Alphy, ko kwamiti ba zai sani ba." Na ce, "Ni itace ce? Yadda aka kwantar da uwata haka za a kwantar da ni." Ya ce shi dai ya faɗa.

Tun ranar zaren kusurwa bai ƙara matsawa ba. Kwamiti zai zauna mako mai zuwa. In sun yarda, Asabar ta ƙarshen wata za a sauko da Alphy. Hanya ta bushe yanzu, Yaya. Ki zo. Réal ya tuƙo ki a hankali, na gyara muku ɗakin Colette. Ban taɓa roƙonki abu irin haka ba.

Taki,
Rolande


Ƙarshen Mayu, 1997

Zuwa ga Yayata Odile,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina yi wa Réal sannu da jiki. Na samu saƙon da 'yarki Denise ta bugo cewa an kwantar da babanta a asibiti. Allah ya ba shi lafiya. Ki zauna kusa da shi, kada ki sa komai a ranki game da ni. Da ni ce ma haka zan yi.

Kwamiti ya yarda. Sun zo su huɗu da takalman zuwa coci suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya suka leƙa akwatin, dalmar tana tsaye cak gab da jan layi ba ta taɓa ba. Ba za a tone kowa ba.

An binne Alphy ranar Asabar. Rana ta fito, ciyawa ta yi kore, ƙudajen nan masu cizo sun fito su ma. Mutanen da suka cika coci a Disamba duk suna gona, lokacin shuka dankali ne, ba mai barin tarakta don mutumin da ya riga ya yi wa kuka. Daga ni sai Fada, sai Gilman, sai tsofaffi biyu daga gareji. Hannu bai isa ɗaukar akwatin ba, sai da Leanne ta kama gefe ɗaya, ita da ta zo kawai don ta tsaya a baya. Na zaci hawayena sun ƙare tun sanyi. Da na ga akwatin yana sauka dab da na 'yarsa sai na zauna daɓas a kan sabuwar ciyawar da aka shuka a jikin katanga, kan gurbina da aka cika da taya. Ƙasar wurin tana da ɗan taushi in ka zauna. Na yi kuka har na gode Allah. Na cika masa alkawari, Yaya, wannan kam ba mai ƙwace mini.

Bayan kowa ya watse Leanne ta kwance zarurrukan ta naɗe, ta cire akwatunan katakon ta sa a mota. Daga yanzu na'urarsu ce za ta riƙa yi musu aikin, ita kuma ta gama karatu, ta samu aiki can yamma. Ta rungume ni ta ce za ta rubuto. Yarinyar kirki ce, wataƙila ta rubuto sau ɗaya. Washegari na farka na zura takalma, har na kai bakin titi sannan na tuna ba abin da zan duba. Na koma na zauna da takalman a ƙafa har shayi ya huce.

Jiya mai sassaƙa dutse ya zo sa shekarar rasuwar Alphy. Tun da muka sayi dutsen aka rubuta sunayenmu uku, nawa yana ƙarshe, da shekarar haihuwata da fili a gabanta. Ya tambaye ni ko ya goge nawa, tun da ba za a yi amfani da shi ba. Na ce ya bari tukuna, ban san me zan ce masa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sabuwar maƙabartar nan ta bayan rumbuna ban san kowa a cikinta ba, fili ne fetal sai iska. Wajen su Mama kuwa ya cika tun tuni. Kin taɓa gaya mini ke da Réal kun sayi wuri a bayan cocinku. In ya samu sauƙi hankalinki ya kwanta, ki tambayar mini ko akwai saura a kusa da naku. Ba sai dab da ke ba, ko layi ɗaya ne ya isa. Ban taɓa zuwa garinku ba, ban san ko mutum ɗaya a can ba sai ke. Amma ba na son in kwanta ni kaɗai.

Ki gaida Réal da jiki, ki gaida Denise da yara. Allah ya bar mu tare.

Ni ce ƙanwarki,
Rolande Sirois